Shirun Gidan Malam Gambo

Ni baduku ne, ɗan baduku, jikan baduku, kuma idan ka shigo Birnin Zinder ka tambayi gidan Kolo, ko akuyar unguwa za ta nuna maka. Sunana Safiyanu, amma Inna, mahaifiyata, har yau Auta take ce mini, ko da yake furfura ta fara cin gemuna. Ba labarin dukanci zan ba ka ba. Zan gaya maka yadda na zama wawan unguwa na wata biyu da rabi, alhali a lokacin ina ganin duk layinmu babu mai wayona.

Gidanmu yana da wani abu da sauran gidaje ba su da shi, muna ce masa amana. Asalinta tun zamanin da Damagaram take kai yaƙi ƙasar Kano. Kakan kakana, Kolo, shi ke ɗinka wa mayaƙa sirdi da kube, saboda haka duk lokacin da za a fita shi yake fara sani, don wurinsa ake kawo gyara. Fatar da yake aiki da ita kuwa daga kudu take zuwa, daga hannun wani majemi mai suna Ɗanƙarami, a wani ƙauye bayan Ɓaɓura da ake kira Kukar Majema. Wata shekara Kolo ya gane ta kan ƙauyen nan runduna za ta bi. Sai ya tashi mutum a ɓoye, saura kwana uku a fita, ya ce a gaya wa Ɗanƙarami ya kwashe iyalinsa. Ɗanƙarami ya tsira da nasa. Da abubuwa suka lafa, mutanen biyu suka haɗu suka dafa Alƙur'ani cewa duk wanda ya fara jin yaƙi zai faɗa wa garin ɗan'uwansa, wajibi ne ya aika masa, su da 'ya'yansu da jikokinsu. Ba a ce ka ba shi masauki ba, ba a ce ka tare masa faɗa ba. Abu ɗaya aka ɗora wa kowa, ya gaya wa ɗan'uwansa.

Tun daga nan gidajen biyu suke auratayya. Kowace kaka mu aika musu kanwa, su aiko mana jar fata wadda ba a sa a kasuwa. Matata Ramlatu 'yar can ce, 'yar Malam Gambo, wanda majemar Ɗanƙarami take hannunsa yanzu. Shekara goma sha ɗaya muka yi da ita, Allah ya ba mu 'yan mata biyu, Wasila mai shekara tara da Ummul Khairi mai shida. Ina son matata, kuma ban taɓa jin kunyar faɗa ba ko a gaban maza.

Mutum ɗaya ne yake ɓata mini labarin amana, Baba Umaru, ƙanen mahaifina, wanda ya koyar a lekol, makarantar boko, shekara talatin har ya yi ritaya bakinsa bai gaji ba. Shi a wurinsa yaƙin can ba don ƙiyayya aka yi shi ba. Hanyar fatake ake so a riƙe, da rumbunan kudu, da hannayen da za su yi aiki. Yakan ce, "Shi kuma kakan namu, in an kashe majemin, wa zai jeme masa fata? Jarinsa ya tsare, Auta, ka bar ƙawata abu." Ni kuwa sai in yi masa tsaki a raina, in ce mutumin da boko ya cika wa ciki ba zai gane zumunci ba ko an kawo masa shi a akushi.

A ƙarshen watan bakwai na shekarar 2023 sojoji suka karɓi mulki a Yamai. Kafin mu gama fahimtar abin da ya faru, an rufe iyaka, Sedeyawo, ƙungiyar ƙasashen yankinmu, ta ba da wa'adin mako guda, ana maganar sojan maƙwabta za su shigo. Kuran, wutar lantarkin da ke zuwa mana daga kudu, aka yanke shi. Ni abin da ya fara damuna firijo ne, na'urar sanyi, don Inna tana da ciwon suga, kuma allurarta ba ta son zafi. Sai muka koma saka kwalbar a randa.

Saura kwana uku wa'adin ya cika, da hantsi ina rumfa ina yanka tafin takalmi, sai ga kabu-kabu ya tsaya a ƙofar gida, taɓo har gwiwar direban. Wanda ya sauko a baya Malam Gambo ne da kansa. Dattijo mai shekara saba'in, ya ratso daji a kan babur cikin damina! Na yar da wuƙa na durƙusa.

"Baba, lafiya? Da kanka?"

"Lafiya, ba lafiya ba, ɗana," in ji shi. "Hajiya ce. Kwana biyar ke nan ba ta tashi ba, sai kiran Ramlatu take yi da 'yan matan nan. Na ce in na aiko yaro za ku ɗauka ƙaramin abu ne."

Hajiya Safiya ita ce mahaifiyar Ramlatu. Inna da ta ji, hawaye ta fara, don ƙawarta ce tun suna amare. Ta sa aka tuƙa masa tuwon gero da miyar kuka, ya zauna a tabarmata ya ci, ya sha fura, ya yi hamdala. Ya shiga ɗakin 'yarsa suka yi magana, ni kuma na fita neman ƙarin kabu-kabu biyu.

Kafin su tashi na ja shi zaure. Na san ɗansa Abdulaziz, yayan Ramlatu, soja ne a can. Na ce, "Baba, me kuke ji a wajenku? Da gaske za su shigo?"

Ya dube ni ido cikin ido, ya dafa kafaɗata. "Surutun rediyo ne, Safiyanu. Da akwai wani abu, ai kai ne na farko da za ka ji. Ka manta su waye mu?"

Wallahi sai da na ji kunyar tambayar. Ramlatu ta fito da jaka, ta durƙusa gaban Inna ta nemi gafara kamar yadda mai tafiya take yi, Inna ta sa mata albarka ta ba ta ƙullin magani ta kai wa Hajiya. Na ɗora Ummul Khairi a babur da hannuna, na gyara mata ɗankwali. Na ce su yi sati su dawo.

Da la'asar na fita fadar shayinmu, a gindin dalbejiyar ƙofar gidan Tahiru tela. Ranar ko shayin ba a kula ba. Baba Umaru ya ɗauki tsinke yana zane a ƙasa, mutane sun kewaye shi.

"Ga Yamai can yamma," in ji shi, "ga mu nan. Duk wanda zai shigo ƙasar nan da hankali ba zai bar Zinder a bayansa ba. Matatar mai tana nan arewa da mu. Hanyar Agadas daga nan take tashi, hanyar Difa ta nan take wucewa. Ka riƙe mahaɗar nan, ka raba ƙasar biyu ba tare da ka taka Yamai ba. Daga iyaka zuwa nan tafiyar awa nawa ce? Ba sai sun ƙi mu ba. A kan hanya muke, shi ke nan laifinmu."

Fuskoki suka canza. Tahiru ya ce shi kam ya yanke shawara, gobe da safe zai kai matarsa da 'ya'yansa biyar Tirmini wurin surukansa. Wani ya ce nasa Dakusa za su. Ni ma yayata ta kira daga Hamdara tun safe, ta ce in kawo mata Inna.

Sai na gyara zama. Har yau idan na tuna yadda na gyara zaman nan sai in ji kamar in mari kaina. Na ce, "Jama'a, ku kwantar da hankalinku. Yau ɗin nan Malam Gambo ya bar gidana. Ɗansa yana cikin sojan da ake magana. Na tambaye shi baki da baki, ya ce babu kome. Kun san abin da ke tsakanin gidanmu da nasu."

Kowa ya sani. An haife su ana ba da labarin. Tahiru ya ce, "Amma ai ya tafi da 'yarsa."

Na ce, "Uwarta ce kwance. Kai in taka ce ba za ka je ba?"

Baba Umaru ya buɗe baki, na riga shi. Na ce, "Baba, taswirarka tana da kyau, amma taswira ba ta dafa Alƙur'ani ba." Aka yi dariya, ya yar da tsinkensa. Tahiru ya fasa Tirmini, na Dakusa ya fasa, ni kuma na kira yayata na ce Inna tana nan inda take.

Daga ranar na zama rediyon unguwa. Wa'adi ya cika, aka ce manyan sojan maƙwabta sun yi taro, aka ce sun sa rana. Duk sanda sabon labari ya fito, sai ka ga mutane suna biyowa ta rumfata kamar masu neman gyaran takalmi. "Safiyanu, gidan Gambo sun ce wani abu?" In ce shiru. Sai su ce alhamdulillahi, su koma su ci abincinsu. Shirun dattijo ɗaya da ke wata ƙasa shi ya riƙe yara sun fi talatin a layinmu. Ni kuwa ina jin daɗin abin, ba zan ɓoye ba. Har wata tsohuwa ta aiko mini da ƙosai, wai don gidanmu ne garkuwar unguwa.

Kullum muna waya da Ramlatu. Kullum jikin Hajiya da sauƙi amma ba ta tashi ba. Yau ƙafa ce, gobe jiri, jibi likita ya canza magani. Sati ya zama wata, wata ya zama biyu. In na ce to ku dawo hakanan, sai ta ce hanya ba kyau, ana kama masu ratse. Inna takan karɓi wayar ta gaisa da jikokinta, ta ce a ba ta Hajiya, a ce tana barci. Inna ta yi mata azumi uku, ita da likita ya hana azumi, sai da muka yi faɗa a kai.

Allurarta kuma ta fara wuya. Na zagaye farmasi huɗu a rana ɗaya na dawo hannu wofi, kowa ya ce kaya suna tsare a iyaka. Inna ta rame, ganinta ya ragu. Wata safiya bayan an fara yankan gero ta kira ni ta ce, "Auta, abin kunya muke yi. Surukarka wata biyu da rabi a kwance, ba ka taka ka duba ta ba. Me za su ce da tarbiyyar da na yi maka? Ka tashi ka je. In jikin ya yi dama ka taho mini da 'yan matan nan, idona yana son ganinsu tun yana gani."

Ban gaya wa Ramlatu zan zo ba, don na san za ta ce hanya. Na ɗinka wa Hajiya matashin fata mai taushi irin na majinyata, na ɗaure kanwar shekara, na hau mota zuwa Magarya. Daga can ɗan kabu-kabu ya bi da ni ta cikin gonaki, muna kauce wa duwan, wato 'yan kwastan, da jandarma kamar ɓarayin shanu, ni da ban taɓa satar ko allura ba. Sau biyu muka faɗi a rairayi. Da azahar na sauka a bakin Kukar Majema, warin bagaruwa da jiƙaƙƙiyar fata ya tare ni, warin da tun ina yaro nake ɗauka na gida ne.

Mutumin farko da na haɗu da shi wani maƙwabcinsu ne, majemi, yana shanya fatu a kan igiya. Ya gane ni ya washe baki.

"A'a, mutanen Damagaram! Sai yanzu ka gudo? Ai ka makara, an ce abin ya lafa." Ya yi dariya. "Mu dai mun ce Malam Gambo ya iya dabara. Yaron nan Abdulaziz yana bugo waya, washegari tsoho ya hau mashin ya kwaso nasa. Ina mahaifiyar taka, ita ina ka kai ta?"

Ban san me na amsa masa ba. Na dai ji ƙafafuna suna tafiya. Na yi sallama a zaure ban jira amsa ba, abin da ban taɓa yi ba a gidan surukai. A tsakar gida ga Hajiya Safiya tsaye, ta ci ɗamara, tana sussukar wake da sanda, tana yi wa wata yarinya faɗa da muryar da za a ji a bayan gari. Ta yi ƙiba. Da ta gan ni sandar ta tsaya a sama. Ni kuma ga ni tsaye da matashin majinyaci a hammata.

Na durƙusa na gaishe ta, don tarbiyya ba ta barin mutum ko yana so ta bar shi. Na ce, "Hajiya, yaya jiki?" Ta rasa inda za ta sa idonta. 'Yan matana suka fito da gudu suka rungume ni, na shafa kansu, na ajiye kayan a bakin rumbu na tambayi inda Malam yake.

Yana majema a bayan gida, hannunsa cikin kwatarniyar jima har gwiwar hannu. Da ya ɗago ya gan ni bai yi kamar bai gane ba, wannan kam na ba shi. Ya ɗauraye hannu ya nuna mini kututture in zauna. Na ƙi.

"Baba, me Abdulaziz ya gaya maka?"

"Ya ce an matso da su kusa da boda, an ce su zauna cikin shiri, oda za ta iya zuwa kowane lokaci. Ya ce in fitar da Ramlatu da yara."

"Ya ce ta wace hanya za a bi?"

"Bai sani ba. Amma ya ce in an shiga, garinku ba zai tsira ba."

"Ka zauna a tabarmata. Ka ci tuwon Inna. Na tambaye ka."

"Ka tambaye ni." Ya share gumi da bayan hannu. "Safiyanu, ka saurare ni. Yaron nan ya ce in maganar ta fita aka bi sawunta, kotun soja za a kai shi, wataƙila ma a harbe shi. Na san ka. Da na gaya maka, kafin magariba duk unguwarku ta ji, kafin safiya tana cikin waya ana yawo da ita. Ɗana ne. Me kake so in yi?"

"Ka ce mini in kai Inna ƙauye. Ko dalili kar ka faɗa. Ka ce, ɗana, kai tsohuwa Hamdara ta sha iska. Da na gane."

Ya mayar da idonsa kan kwatarniyar jima.

Na ce, "Ka san abin da na yi da shirunka? Na tsaya gaban mutane na rantse musu da sunanka. Tahiru tela ya fasa kai 'ya'yansa biyar Tirmini. Yara sun fi talatin suna kwana a layinmu don na ce gidan Gambo bai yi magana ba."

Nan fuskarsa ta motsa, amma sai ya ce abin da ya fi ƙona ni. "Ai ga shi Allah ya kiyaye, ba a yi yaƙin ba."

"Ranar da ka zo, ka san ba za a yi ba?"

Ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago kuma muryarsa ta yi tauri, irin ta dattijon da yaro ya kai bango. "Ku a Zinder rabin labarin kuke bayarwa. Bari in ba ka namu. Kolo ya aiko, gaskiya ne. Amma Kolo yana cikin rundunar da ta zo, da sirdunan da ya ɗinka aka ƙone garin nan. Ɗanƙarami kuma da saƙo ya same shi, ka ɗauka shela ya yi? Matansa ya kwasa da 'ya'yansa da fatunsa, ya ce wa maƙwabta suna zai je. Da ya gaya musu, da labari ya koma, da an yanka Kolo. Mutum arba'in aka kora arewa a igiya daga ƙauyen nan, wasu jikokinsu suna nan cikin garinku ba su ma san daga ina suka fito ba. Haka amanar take tun farko. Ni ban yi abin da kakana bai yi ba."

Na ce, "Ɗanƙarami maƙwabtansa ya yi wa ƙarya, Baba. Kai wanda kuka dafa Alƙur'ani da shi ka yi wa."

Na juya na bar shi. Raina yana tafasa, amma har lokacin akwai wani ɗan wuri mai sanyi a cikinsa. Ina ce wa kaina laifin tsohon ne, da ɗansa soja. Ramlatu kuwa ita ma yaudararta aka yi, ta iso ta tarar da uwarta lafiya, suka hana ta magana. Mace a gidan ubanta me za ta iya? Da wannan na shiga ɗakin da aka sauke ta.

Tana zaune a bakin gado, ta riga ta yi kuka ta gama. Ba ta rame ba, ba ta yi ƙiba ba, Ramlatuna ce dai kamar yadda ta tafi, kuma wannan ma ya yi mini ciwo. Ta zame ƙasa ta gaishe ni.

Na ce, "Tambaya ɗaya zan yi miki. Yaushe kika sani?"

Na ba ta hanya da kaina. Da ta ce sai da ta iso, da na yarda, ko ƙarya ce. Wallahi da na yarda.

Ta ce, "A ɗakina, Malam. Lokacin da ka fita neman babur."

Sai na zauna a bakin gadon.

"Kafin ki durƙusa wa Inna."

"I."

"Ta ba ki maganin Hajiya kika karɓa."

"Na karɓa." Hawaye suka dawo mata. "Baba ya ce in na faɗa na kashe Yaya Abdulaziz da bakina. Kuma na san ka, Malam. Ba za ka bar Inna ba, Inna ba za ta bar gidan ba, kuma da ka sani ba za ka yarda a raba ka da yara ba. Sai mu zauna duka. Na dubi Ummul Khairi tana wasa a ƙofa, na kasa. Na ce a raina in mun isa zan kira ka in gaya maka."

"Kin kira ni kullum."

"Kullum sai in ce gobe. Da aka kwana biyu kuma sai kunya ta hana ni. Da aka ce abin ya lafa, sai na ce to me ya rage, in na dawo shi ke nan ba wanda zai sani."

"Da an shigo fa? Da kina nan kina shan fura kika ji a rediyo an buɗe wa Birni wuta?"

Ta rufe fuska da mayafi. Na jira ta ce wani abu da zan riƙe, ko ƙanƙani ne. Ba ta da shi, kuma ba ta ƙirƙiro ba. Shekara goma sha ɗaya ina kwana kusa da matar nan. Ta auna ni da tsohuwata a hannu ɗaya, yayanta da 'ya'yanta a ɗayan, ta ga wanda ya fi nauyi, ta ɗauki jakarta. Wataƙila kowace uwa haka za ta yi, na sha gaya wa kaina hakan daga baya. Amma ni ne aka bari, kuma wanda aka bari ba ya iya ganin kyan lissafin.

Ban kwana a gidan ba. Na ce wa 'yan matan su ɗauko kayansu, Kaka tana kiransu. Malam Gambo ya aiko a ce in tsaya a yi magana, na ce a gaya masa mun yi. Na biya wani kantin magani na samo wa Inna allurarta, na nemi babura biyu. Ramlatu ta biyo mu har bakin kukar da ke ƙofar gari, jakarta a ka.

"Malam, in taho?"

Na dube ta. Na so in ce hau, Allah ya sani na so. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ki zauna ki yi jinyar Hajiya. In ta warke kya gaya mini."

Muka kwana a Magarya wurin wani abokin sana'a, washegari da hantsi muka shiga Birni. Tun daga bakin layi aka hango ni da yara, kafin in kai ƙofar gida an taru. Tahiru ya fito da almakashi a hannu yana murna.

"Alhamdulillahi! Tunda Malam Gambo ya bari jikokinsa suka dawo, ai magana ta ƙare. Me ya ce, Safiyanu?"

Na ga har dawowar yaran sun mayar da ita labari daga gidan Gambo. Na ce, "Tahiru, ku yafe mini. Ya san ana shirin shigowa tun ranar da ya zo, shi ya sa ya zo. Bai gaya mini ba. Duk abin da na faɗa muku wata biyu da rabi, ban san kome ba. Daga yau wanda ya ji tsoro ya kwashe 'ya'yansa, kar wanda ya ƙara tambayata."

Ba wanda ya zage ni, da ma sun zage ni da ya fi mini sauƙi. Tahiru ya juya ya dubi ƙofar gidansa, inda ƙananansa biyu suke wasa da ƙasa, ya daɗe yana kallonsu. Baba Umaru yana tsaye a baya. Na jira ya ce ai ya faɗa, sai ya kawar da kai kawai ya shige gida. Na roƙe su abu ɗaya, kar maganar ta kai kunnen Inna.

Tana kwance a tabarma a inuwar ɗaki. Da ta ji muryar yaran ta yunƙura ta zauna, ta jawo su tana shafa fuskokinsu da hannu, don idon ba ya kai mata sosai. Ta yi dariya, ta yi kuka, ta ce Ummul Khairi ta yi tsawo. Sannan ta ɗago wajen ƙofa.

"Ina Ramlatu?"

"Tana can, Inna."

"To, yaya jikin Hajiya?"

Na buɗe baki ban san abin da zai fito ba. Wasila ta riga ni. Ta ce, "Da sauƙi, Kaka, amma ba ta tashi ba tukuna."

Muryarta ko rawa ba ta yi ba, ko kallona ba ta yi ba. 'Yar shekara tara, wata biyu da rabi ana koya mata, kuma ta iya.

Inna ta gyaɗa kai. "Allah sarki. Shi ya sa ta zauna. Yarinyar kirki, ba ta yar da uwarta ba. Allah ya yi mata albarka, ya ba ta masu yi mata kamar yadda ta yi. Ka ce amin mana, Auta."

Na ce amin.